Motocin sulke na hamadar Masar, 1916: littafin aiki

8 ga Nuwamba

Yau na baje kayan a tebur na fara. Abin da nake so a ƙarshe shi ne 'yar rundunar motocin Ingila don wasan yaƙi na kan tebur, irin wadda ta yaƙi dakarun ɗariƙar Sanusiyya ta Libiya a hamadar yammacin Masar daga ƙarshen 1915 zuwa farkon 1917: Rolls-Royce biyu masu sulke, da Ford uku ƙirar Model T marasa sulke. Duka za su zo daidai da 'yan sojojinmu masu tsawon milimita 28, wato kusan ɗaya bisa 56. Sojojin ƙasa da mahaya raƙuma suna nan tun bara, motoci ne babu.

Ana sayar da irinsu a shirye a Turai, amma kuɗin aikowa ya fi kuɗin motar. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi a wurina. Su kansu motocin na asali ba don yaƙi aka ƙera su ba. A watan Satumba na 1914, farkon yaƙin duniya na ɗaya, Charles Samson, kwamanda a sashen jiragen sama na sojan ruwan Ingila, yana Dunkirk ta Faransa da 'yan jiragensa. Motocin hawa yake turawa su leƙo Jamusawa, ko su ɗauko matuƙin da jirginsa ya faɗi. Da harbi ya yi musu yawa, sai aka kai motocin wurin maƙeran jiragen ruwa na garin, aka lulluɓe su da farantan ƙarfe irin na tukunyar injin tururi. 'Yan Beljiyam ma haka suka yi wa motocin Minerva a Antwerp. Ita ma Rolls mai sulke da ta fito a watan Disamba na 1914, casis ɗin Silver Ghost ne, motar alfarma, aka ɗora masa akwatin ƙarfe maimakon kujerun fata. To wanda ya ɗauki 'yar motar farar hula ya yanke ta ya sa mata sulke, hanyar da aka bi tun farko ya bi.

Abin da ke hannu, duka daga masu gwanjon kayan wasan yara a Sabon Gari: Silver Ghost ɗaya ta ƙarfe daga jerin Models of Yesteryear na Matchbox, naira 4,000. Ford uku na Lledo masu jikin motar kai kaya, naira 2,500 kowacce. Sai wani tsohon kwali na motar roba ta haɗawa, ba suna a jikinsa, takardar bayani ta ɓace amma gutsattsarin sun cika, naira 6,000. Ita za ta zama Rolls ta biyu.

12 ga Nuwamba

Awo. Tsawon Rolls mai sulke ya kusa mita 5, faɗinta ya kusa mita 2. In aka raba da 56 ana neman milimita 88 a tsawo, 34 a faɗi. Tsakanin tayar gaba da ta baya ya kamata ya zama wajen 65. Ta ƙarfen ta ba ni 62, na bar ta haka, milimita uku ba mai ganinsu daga gefen tebur. Ta robar ta ba ni 72, dole a rage ta. Ford kuwa inci 100 ne tsakanin tayoyinta, wato milimita 45 a ma'auninmu, kuma ukun nan ba su yi nisa da haka ba.

Motocin ƙarfen a daddale suke ta ƙasa da kan ƙusa mai faɗi. Na huda kawunan da ɗan abin huji na hannu, jiki ya rabu da casis. Na ajiye tayoyi, sitiyari da fitilu a gwangwanin madara, kowace mota da nata. Sauran na tsoma a man birki don tsohon fentin ya saki.

15 ga Nuwamba

Fenti ya saki, na goge da tsohon buroshin haƙori. Kujerun roba da suka shiga man sun yi gautsi, ɗaya ta dagargaje a hannu. Ba a buƙatarsu, sulke zai rufe wurin. Na yanke casis ɗin ta robar a tsakiya, na cire milimita 7, na haɗa da ƙarfafawa ta ciki.

21 ga Nuwamba

Da me za a yi sulken? Wannan ya cinye mini mako.

Ka ɗauki farantin sulke mai kaurin milimita 8. In ka raba da 56, abin da ya rage kashi ɗaya cikin bakwai na milimita ne kawai. Tsohon katin banki, wanda shi ne robar da ta fi sauƙin samu a miƙe, kaurinsa milimita 0.76 ne. A jikin motarmu wannan ya zama faranti mai kaurin fiye da santimita huɗu, sulken tankar yaƙi ke nan. A bangon mota ba wanda zai gane, domin ba a ganin gefen. Amma a ƙofofin lagireto, da murfin da direba ke leƙowa, da duk inda bakin faranti ya fito fili, kaurin yana ɓata kamannin gaba ɗaya. Motar sai ta zama dunƙule, alhali abin da ke burge ni a hotunanta shi ne yadda ake ganin siririn ƙarfe a kan doguwar motar hawa.

Shawarar da na tsaya a kai: ƙashi na katin banki, fata ta gwangwanin lemo. Bangon gwangwanin wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kusan daidai da ma'auni. Almakashi na yanka shi, reza na tsaga shi.

Abin lura ga mai son gwadawa: gam ɗin da ake haɗa motocin roba da shi ba ya kama katin banki, domin narkar da roba yake yi, kuma wannan robar ba irin tasa ba ce. Sufagulu ke kama ta, bayan an goge ƙyallin da samfefa. In kana son robar da gam ɗin zai narkar, duba gindin kofin yogot ko farantin biki, wanda aka buga lamba 6 a cikin alamar kusurwa uku shi ne.

Na fara zana kowane faranti a kwalin sabulu, na gwada a jikin casis, sannan na kwafa a kati. Bonet doguwa mai gangare kaɗan, ɗakin direba da na bindiga a tsakiya, sai buɗaɗɗen dandamalin katako a baya. A nan na fahimci dalilin wannan dandamali. Casis ɗin ya fi abin da ake buƙata tsawo, kuma kowane taƙi na sulke nauyi ne a kan sifirin. Sun rufe iya inda mutane da inji suke, sauran suka shimfiɗa katako suka ɗora akwatuna.

27 ga Nuwamba

Kawunan ƙusoshi. Motar sulke ta wancan zamani in ba layin ƙusoshi a bakin kowane faranti, ba ta yi kama da kanta ba.

Dabarar ita ce a dakushe bakin allura, a kifa yankin gwangwanin, a riƙa dannawa ta baya, kowane danni ya fito da ɗan tudu ta gaba. Na shimfiɗa a kan tsohon silifa na yi bangon hagu da na dama na Rolls ta farko, tazarar milimita biyu tsakanin kowane tudu. A ido sun yi kyau. Wurin mannawa abin ya lalace. Gwangwani yana da taurin kai, so yake ya koma lanƙwasarsa ta asali, dole sai an danne shi da ƙarfi kafin gam ya kama, dannewar kuma ta murƙushe tudun. Inda allura ta ɗan huda, sufagulu ya ɓullo ta ramin ya bar farin dabbare kewaye. Da na ɗaga farantin a hasken taga, rabin layin ya shafe, sauran kuma wani babba wani ƙarami, domin silifar ta yi laushi da yawa, ƙarfen yana nutsewa a cikinta yadda ya ga dama. Na ɓamɓare duka biyun na zubar.

Abin da ya yi aiki daga baya abu uku ne. Na farko, a riƙe yankin gwangwanin da filaya a wuce da shi ta kan harshen wutar risho har rubutun jikinsa ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, a bar shi ya huce. Taurin kan yana fita, ya kwanta lamui. A waje ake yi, hayaƙin ba na shaƙa ba ne, kuma kada a daɗe, narkewa yake yi. Na biyu, a danna a kan kwali mai tauri, ba silifa ba, tudun sai su fito ƙanana kuma bai ɗaya. Na uku, a shafa Araldite siriri a baya ya cike ramukan, shi ne kuma zai manna farantin, kuma yana ba da lokacin gyara zama kafin ya kama.

Ko da haka tudun sun fi ma'auni girma. Na yarda da wannan. Daga inda ɗan wasa ke tsaye ake kallon motar, ba da gilashin ƙara girma ba, ƙusar da ta yi daidai da ma'auni kuwa fenti zai haɗiye ta.

1 ga Disamba

Bangaye huɗu, bonet da ƙofofin lagireto na Rolls ta farko sun hau. Na bar ƙofofin a buɗe kaɗan. Haka direbobin suke barinsu in ba ana harbi ba, domin in an rufe iska ba ta kai wa lagireto.

3 ga Disamba

Jikin ta biyu. Ba abin da ya faru.

9 ga Disamba

Hasumiyar bindiga. Da'ira ce mai juyawa, an sassabe kafaɗunta biyu ta sama, kuma wannan sassaɓen shi ne ake gane Rolls da shi tun daga nesa. Na yanko bututun wayar lantarki na milimita 25, na naɗa masa kati siriri ya ƙara faɗi, na toshe sama, na cika ciki, sannan na ci kafaɗun da magagari. Samun gangaren hagu da na dama su zo daidai shi ne wahalar. Na zana layi da fensir kewaye, ina ci kaɗan ina dubawa ta gaba.

Bindigar Vickers ce, mai rigar ruwa kewaye da bakinta don sanyaya shi, shi ya sa take da kauri. Tsinken auduga na goge kunne ya yi daidai da rigar, kan fil ya zama bakin.

Ina son hasumiyar ta juya amma kada ta faɗi in an ɗaga mota. Na je wurin wani mai gyaran waya a bakin layinmu na yi masa bayani. Ya jawo wani kwali cike da matattun abin sauraro na kunne, ya fasa ɗaya da ɗan sukudireba, ya zaro maganaɗisu ƙarami kamar ƙwayar gero, ya manna shi a bakin almakashinsa ya ɗaga. Ya ce, "Yallaɓai, in irin wannan ne, ɗebi iya son ranka, zubarwa nake yi. Amma in ka gama ka kawo motar in gani." Na yi masa alkawari. Maganaɗisu a gindin hasumiya, guntun reza a rufin mota, tana juyawa sumul.

16 ga Disamba

Babbar matsala ta zo ta inda ban sa rai ba. Rolls ta roba ba ta da nauyi, in an taɓa tebur sai ta gusa, saboda haka na cusa notina a cikinta na zuba Araldite har ta kai 'yar uwarta ta ƙarfe nauyi. Tana kan kanta a ɗakin baya, wanda rufinsa kwano ne ba silin, kuma ko a wannan sanyin da rana ɗakin yakan ɗauki zafi. Jiya na ɗauko ta na ga bayanta ya zauna. Sandar tayoyin baya, wadda roba ce siririya, ta lanƙwashe a tsakiya, tayoyin sun baje waje, ƙasan dandamali yana gogar tebur. Da na yi ƙoƙarin miƙar da ita sai ta karye, ta tafi da wani ɓangare na sifirin.

Wannan ita ce ainihin matsalar da masu motocin suka fuskanta. An ɗora wa casis ɗin motar hawa nauyin da ya kai wajen tan huɗu. Abin da ya sa ke nan aka ƙarfafa sifirin da sandar baya, aka kuma sa tayoyi bibbiyu a kowane gefe na baya. Da ina kallon tayoyin nan huɗu a hoto a matsayin wani fasali da zan kwaikwaya kawai. Yanzu na ga abin da ya tilasta su.

Gyara: na huda wurin da sandar take, na zura wayar tayar keke, na gina sabon sifirin da siraran kati guda huɗu a jere, kowanne ya fi na ƙasansa tsawo. Ita ma ta ƙarfen na duba tata, lafiya lau.

Sai batun yawan tayoyi. Kowace Rolls na buƙatar shida a ƙasa, ga safaya a gefe, ni kuwa huɗu-huɗu gare ni. Na kwaɓa silikon na masu gilashi da garin sitaci har ya daina kama hannu, na danna taya ɗaya a ciki, ya bushe ya zama mazubi. Na zuba filar da na karɓo wurin mai gyaran jikin mota, naira 1,000. Zoben tayar ya fito da kyau, amma tsakiyar a toshe, wayoyin ba su fito ba. Motocin 1914 tayoyin waya gare su, masu faifai sai ƙirar 1920, don haka ba zan bar toshewar a fili ba. Kwafin za su koma ciki a baya inda ba a gani, na asali a waje. Safaya kuma zan rufe su da takarda mai laushi da farin gam, su zama kamar an ɗaure su da tamfol.

22 ga Disamba

Tayoyi sun hau duka. Dandamalin baya da akwatunansa daga sandunan ashana da na kankare. Dogayen katakai biyu a gefe, waɗanda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin taya in mota ta kafe.

29 ga Disamba

Ford uku, kuma su ne aikin da ya fi yi mini daɗi. Na yanke jikin motar kayan da zarto daga bayan kujerar direba, na bar bonet, kujera da matakin gefe, na gina ɗan akwatin katako a baya. Ba sulke ko kaɗan, haka suke. Rundunonin sintiri na ƙananan motoci da aka kafa a Masar a 1916 sun dogara ne da rashin nauyi. Injin Model T ƙarfin doki 20 ne kawai, amma motar ba ta da nauyi, cikinta ya yi nisa da ƙasa, in ta kafe a yashi mutanenta su sauko su tura ta fita. Inda Rolls za ta nutse, Ford ta wuce.

Kowacce na sa mata mashinga ƙirar Lewis a kan sanda, da faifan harsashinta mai cin 47 a sama, wanda na fitar daga kati da abin huda takarda. Sai gwangwanayen fetur da na ruwa, bargo a naɗe, shebur. Abin da na fi kula da shi ɗan gwangwani ne a kan matakin gefe, da siririyar waya da ta taso daga saman lagireto ta shiga cikinsa. Wannan dabara ce ta mutanen sintirin: tururin da lagireto ke fitarwa ya bi bututu ya shiga gwangwani mai ruwa ya koma ruwa, in inji ya huce ya tsotse shi ya mayar. A ƙasar da rijiya da rijiya tafiyar yini ce, wannan gwangwani ya fi bindigar amfani. Da shi da kamfas na inuwar rana, su Ralph Bagnold, wani hafsan sojan Ingila, suka gada suka inganta, har suka kafa rundunarsu ta hamada a 1940.

Ɗaya daga cikin ukun na cire mata bonet gaba ɗaya, inji a fili, don su bambanta a tebur.

6 ga Janairu

Fenti, kuma hunturu ya sa baki. Na fesa fentin ƙasa mai ruwan toka na gwangwani a tsakar gida da la'asar. Kafin ya bushe ƙura ta zauna a kai, Rolls ta farko ta fito da ƙaiƙayi ko'ina, layin ƙusoshin da na sha wahala a kansu ya nutse a ciki. Na bi da samfefa mafi laushi a jiƙe, a hankali, ina tsallake tudun. A gefen bonet fentin ya ɓare har ƙarfe ya fito, wurin da samfefa ba ta taɓa gwangwanin ba tun farko.

Yanzu da asuba nake feshi, bayan salla, lokacin da iska ba ta tashi ba. Ina yayyafa ruwa a ƙasa, motar tana cikin kwalin da aka kwantar, da na gama in rufe bakinsa. Fentin ruwa kuma bushewa yake a bakin buroshi kafin ya isa mota. Maganinsa soso jiƙaƙƙe a faranti, takardar kwafi a kai, a matsa fentin a kanta, yana kai awa bai bushe ba.

Launi kaki mai haske. Bayansa ruwan ƙasa mai duhu da aka tsinka sosai, ya gangara ya taru a gindin ƙusoshi da bakin farantai, sai ga su sun fito. Ƙurar jikin tayoyi fara-fara na yi ta, da garin alli da ɗan rawaya. Tudun da ke saman Sallum, garin da ke iyakar Masar da Libiya, dutsen farar ƙasa ne, ba jar ƙasa irin tamu ba.

10 ga Janairu

Na gama fentin biyar ɗin. Na kai wa mai gyaran waya Rolls ɗaya ya gani, ya daɗe yana juya hasumiyar.

18 ga Janairu

Wasan farko, da ɗan yayata, a tebur mai ƙafa shida da huɗu. Na shirya abin da ya faru ranar 14 ga Maris 1916, ranar da Ingilishi suka sake kama Sallum, motocin da Duke na Westminster ke jagoranta suka bi hanyar yamma suka afka wa sansanin Sanusiyya. Ni da motoci, shi da sansani. Wasan bai yi nisa ba. Motocin suka shigo a guje, harbin bindigoginsa bai huda su ba, kafin ya juya igwarsa an gama. Ya ajiye ƙwayar ludon ya ce, "Kawu, to ni me ya kamata in yi?"

Tambayar daidai take, kuma amsarta tana cikin tarihin. Ranar ta yi wa motocin kyau ne saboda ƙasar: fili mai tauri, shimfiɗaɗɗe, a bushe. Ba kullum haka take ba. A Halazin, ranar 23 ga Janairu na 1916, ruwan sama ya mayar da ƙasa taɓo, duk abin da ke da taya ya kafe, har masu rauni sai ɗaukarsu aka yi a hannu. A Girba kusa da Siwa, a watan Fabrairu na 1917, duwatsu da gangare suka hana motocin matsowa kusa, shugaban Sanusiyya Sayyid Ahmad al-Sharif da mutanensa suka janye. Dokokin da muke wasa da su suna ɗaukar motar sulke kamar ƙaramar tanka. Ba tanka ba ce. Motar hawa ce da aka yi wa lodi fiye da ƙima, a kan siraran tayoyi masu iska, direbanta yana leƙe ta tsaga. Ai shi ya sa da aka haƙa ramukan yaƙi a Faransa amfaninsu ya ƙare a can, sojan ruwa suka miƙa su ga sojan ƙasa a 1915, aka tura su inda fili yake.

Mun zauna mun sake dokokin tare. Ƙasa iri uku: mai tauri, mai duwatsu, mai laushi. A mai tauri Rolls ta fi kowa gudu. A mai duwatsu duk tafiyar sauri sai an jefa ƙwaya, in ɗaya ta fito taya ta fashe, sai wani ya fito waje ya canja, a lokacin kuwa harsashi na samunsa. A mai laushi Rolls na kafewa da ɗaya, biyu ko uku, Ford da ɗaya kawai. In ƙofofin lagireto a rufe suke fiye da zagaye uku, inji ya yi zafi. Igwa in ta samu mota, ta gama da ita. Mai riƙe da Sanusiyya shi ke ɓoye inda ƙasa mai laushi take, ya rubuta a takarda kafin a fara, domin su suka san ƙasarsu. Nasararsa kuma ba sai ya fasa mota ba, in ya fitar da raƙuma da igwa ta bakin tebur ya ci.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wurina. Ba na son Sanusiyya su zama abin harbi kawai a teburina. Mutane ne da suke fafatawa da Italiya tun da ta shiga Libiya a 1911, suna da dakaru masu horo da hafsoshin Usmaniyya irin su Nuri da Ja'afar al-Askari suka tsara. Kuma labarinsu ya iso har ƙasashenmu: Kawusan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, ɗan wannan ɗariƙa ne. Saboda haka ma na yanke ba zan shirya wasan Bir Hakim ba, inda motocin suka yi tafiyar mil 120 ranar 17 ga Maris 1916 suka kuɓutar da mutanen Tara, wani jirgin ruwan Ingila, waɗanda Sanusiyya ke tsare da su. Tafiyar abin mamaki ce, amma masu gadin 'yan kaɗan ne, kuma an bi su an kashe suna gudu. Ba wasa a cikin wannan.

Muka sake bugawa da sababbin dokoki. Rolls ɗaya ta kafe a rafin yashi, Ford biyu suka zagaya, ya fitar da rabin raƙumansa. Har aka kira magariba ba mu san wanda zai ci ba.

25 ga Janairu

Lissafi. Motoci biyar, naira 17,500. Gam iri biyu, samfefa, reza, man birki, silikon da fila, naira 15,400. Gwangwanin feshi biyu, fentin ruwa da buroshi, naira 18,000. Jimla naira 50,900, kusan kashi biyu cikin uku a kan gam da fenti da tarkace, kuma yawancinsu sun rage don aiki na gaba.

A wasan jiya fitilar Ford ɗaya ta ɓalle, bakin Vickers na Rolls ta biyu ya lanƙwashe. Zan maye tsinken da bututun ƙarfe na cikin tsohon biro. Ana buƙatar akwatin ajiya mai soso, kowace mota da raminta, kuma ba a ɗakin kwano ba.

Na gaba: igwar dutse ta biyu da mashinga ɗaya ga Sanusiyya, da tudun Sallum daga kwali da yashin da aka tankaɗe. Bayan nan Minerva ta Beljiyam. Buɗaɗɗen sama gare ta, ba hasumiya, amma hakan na nufin sai an gina cikinta duka, kujera, sitiyari da bindigar Hotchkiss a bayan garkuwarta. Na bar wa mai gwanjon saƙo ya ajiye mini duk tsohuwar motar hawa mai dogon bonet da ta fito a dila ta gaba.